Babu Danshi a Khartum

Babu danshi a Khartum. Wannan ilimi ne tabbatacce, kuma Ustaz Balarabe ya daɗe yana koyar da shi a makarantar sakandare, da taswira da alli. Gari ne da ake shanya riga a tafi masallaci, a dawo a tarar ta bushe kamar ƙirgi. Gari ne da burodin safe yake zama makami kafin la'asar. Saboda haka ranar da matarsa Kubura ta dawo daga asibitin kunne a Soba ta ce danshi ne yake kashe na'urar jin mahaifinta, Ustaz bai yi fushi ba. Murmushi ya yi mata, irin wanda yake yi wa ɗalibin da ya ce Nilu daga arewa yake gangarowa.

Kubura ta san wannan murmushin tun yana ɗalibi, sabon zuwa daga Gusau, lokacin da yake zuwa gidansu a Aljirif ɗaukar karatu. A wancan zamani ta ɗauka alamar zurfin tunani ce.

Mahaifinta Malam Salih jikan mahajjata ne da suka taso daga Haɗejia a ƙafa, suka iso bakin Nilu suka ajiye kaya, ba su sake ɗauka ba. Ba shi da gona, ba shi da shago. Aikinsa sauraro. Ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar su zo su durƙusa a gabansa su kawo hadda, shi kuma ya rufe ido. In harafi ya kauce ya ɗaga yatsa. Wanda ya kai ƙarshen Alƙur'ani a gabansa ya ba shi ijaza, ya jona sunansa da nasa da na malamansa. Da kunne ya fara gajiya, tsofaffin ɗalibansa suka haɗu suka aiko masa da na'urori biyu daga Alƙahira, waɗanda kowa a unguwar yake kira samma'a. Su ne yanzu suke ƙara a kunnensa kamar ana suyar ta'amiya, ƙosan Sudan, su yi shiru, su dawo.

Ga kuma Hadi, wani ɗalibi ɗan Damagaram, da ya shekara da shekaru yana karanta wa Malam. Saura masa 'yan izu kaɗan, tikitin komawa gida kuwa na ƙarshen wata yana aljihunsa. Malam bai taɓa ba da ijaza a kan abin da bai ji da kunnensa ba.

"Abu Ikhlas, ka bari in ƙarasa," in ji Kubura ga mijinta. "Likitar ta ce gumi ne, da ruwan alwala da yake rage masa a kunne ya mayar da su a jiƙe, da mukayyif, na'urar sanyaya ɗakinsa da take hura iskar ruwa. Ta ce a sayi abin busarwa. Kuma ta ce kada..."

"Likitar a ina ta yi karatu?"

"Ban tambaye ta ba."

"To ki tambaya. Za ki ji ƙasar da ake ruwa wata tara ce. Sun haddace littafin mutanen da ba su taɓa ganin rana ba."

Sauran maganar likitar ta maƙale a bakin Kubura, ta koma ciki.

Duk da haka ya yarda ya raka ta Kasuwar Umdurman, don kada a cuce ta. Suka shiga bas, suka tsaya a kan gada har Kubura ta haddace fuskar mai sayar da ruwa. Damina ce, sama ta yi nauyi ba ta zubar ba. Rigar Ustaz ta manne a bayansa, zufa tana ɗiga daga gemunsa a kan jakarta, yana yi mata bayanin iskar hamada.

Shagon yana bayan layin masu kayan yaji, na wani Muhajir, Bahaushen Umdurman, mai sayar da sandunan guragu da abin awon jini. Ya ɗora abu biyu a kan kanta. Na farko akwati ne fari, bai kai tafin hannu biyu ba, a jona shi da wuta ya ɗumama na'urar a hankali. Na biyu kwalba ce mai murfi, a gindinta wasu ƙwayoyi masu launin ruwan goro, su tsotse danshi, in sun koɗe a sake su.

"Wanne ya fi?" in ji Kubura.

"Wallahi ya Hajja, kowanne da mutanensa. Wuta tana zama a wajenku?"

"Tana leƙo mu."

"To kwalba."

"Amma in ƙwayoyin sun ƙare fa?"

"Ki dawo. In akwai, akwai."

"In babu?"

"To akwati."

Kubura ta dubi akwati, ta dubi kwalba. Ta ga akwati zaune a duhu yana jiran wuta tare da firji da fanka. Ta ga kanta a kan gada duk wata tana neman ƙwaya. Ta juya ga mijinta, kuskuren da ta san kuskure ne tun kafin wuyanta ya gama juyawa.

Ustaz ya ɗaga kwalbar ya karkaɗa ta kusa da kunne. "Wannan ai abin da ake sakawa a kwalin takalmi ne. An canza masa riga kawai."

"Takalmi ma ba ya son danshi, ya Ustaz," in ji Muhajir.

"Wannan kuma?" Ya ƙwanƙwasa akwatin. "Me yake yi?"

"Ɗumi."

"Ɗumi! Kubura, kin ji? Mun ƙetare kogi a cikin wannan rana don mu sayi ɗumi."

"Ya zol, bawan Allah, ba dole," in ji Muhajir, ya fara mayar da kayansa kwali. "Ka sayi sanda ko? Ita ba ta son wuta."

Suka fito hannu wofi. A hanya Ustaz ya sayi lemun tsami, ya ce an yi masa sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya Kubura ta yi su tana jin karatu ta tagar kicin. Hadi ya ja aya, Malam ya ce ya sake. Ya sake, Malam ya ƙwanƙwasa bayan kunne, ya ce ya sake. Shafin da a da ake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu har ta sauke tukunya ba a kai rabinsa ba. Wani lokaci Malam ya ɗaga yatsa a inda babu kuskure, Hadi ya tsaya yana neman laifinsa, ya rasa, ya ba da haƙuri duk da haka. Daga baya ta ji mahaifinta yana cewa, "A'a, ɗana, ba kai ba ne. Mu tsaya nan yau."

Ranar Asabar ta yafa mayafi ta ce za ta gaida ƙawarta Amna. Ta hau bas ita kaɗai, ta sake tsayawa a kan gada, ta shiga shagon Muhajir ta ce ya ba ta kwalba. Ba wai ta gamsu kwalbar ta fi ba. Ta gaji ne da zaɓe.

Abin da ba ta sani ba, Ustaz ma ya ji karatun, kuma ya dame shi, don yana ƙaunar surukinsa da gaske. Har yanzu bai yarda akwai danshi ba. Amma in ɗumi ake so don hankalin mata ya kwanta, Aljirif ce uwar ɗumi. Ƙasa da gidansu, a bakin kogi, ana gasa jan bulo a kamina, wato tanderun bulo, a fasa ta bayan an kashe wuta bulon yana riƙe da zafinsa. Duk tsohuwar da baya ya dame ta a unguwar ta san a naɗe ɗaya a tsumma a jingina da shi. Ustaz ya sauka ya zaɓo biyu daga tsakiyar kamina, inda suka fi gasuwa, ya rungumo su a buhu yana sauya hannu. Malam yana ƙailula, na'urorin suna kan faranti kusa da carbinsa. Ustaz ya naɗe su a hankici, da batir da komai, ya kwantar a kan bulo ɗaya ya kifa ɗayan a kai. Ya tafi ya kwanta shi ma, da kwanciyar hankalin wanda ya tserar da iyalinsa daga 'yan kasuwa.

Kubura ta shigo da la'asar, kwalba a jaka. Wari ya tarbe ta tun daga soro, irin na bokitin roba da aka manta kusa da murhu. Ta bi shi har tsakar gida. Ta ɗaga bulon da gefen mayafinta, ta buɗe hankicin. Ɗaya daga na'urorin ta lanƙwashe kamar busasshen dabino. Ɗayar ta kumbura, batirin ya tsage ya zubar da farin abu. A lokacin ne sauran maganar likitar ta dawo mata cikakkiya: kada a kai su kusa da zafi, ko rana, ko wuta.

"Kin gani?" in ji Ustaz daga bayanta, muryarsa ta ɗan yi sama fiye da yadda ta saba. "Robar banza ce. Abin da aka yi don kunnen ɗan Adam, ya kasa jure abin da bayan tsohuwa yake jurewa?"

"Ustaz."

"Kuma ki duba da kyau. Akwai danshi a jikinsu?"

Babu. Sun bushe sarai.

Malam Salih ya fito da buta. Ya dubi bulo, ya dubi hankici, ya dubi surukinsa da bakinsa yake ta motsi. Kubura ta ciro kwalbar don ta rasa abin da za ta yi da hannunta. Tsohon ya karɓa, ya juya ta, ya buɗe, ya ɗauki na'urorin ya saka a ciki ya rufe.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Mai kyau ce."

An tambaya a Soba. Wasu sababbi sai an auna kunne an aika waje, sai bayan watanni in an yi sa'a.

Washegari da safe Hadi ya zo ya durƙusa, ya yi basmala ya fara. Kubura tana tsaye a taga. Malam bai rufe ido ba wannan karon. Leɓen ɗalibin yake kallo, ya ɗan matso, ya karkata kai. Can ya ɗaga hannu gaba ɗaya.

"Ɗana, tashi ka tafi Umdurman wurin Shehu Mohammed. Ka ce ni na aiko ka. Ka ƙarasa a gabansa, shi zai ba ka."

"Malam, ai da sunanka nake so in koma gida. Zan ɗage tafiyar, zan..."

Malam bai ji ba, amma ya san abin da ake faɗa. "Mahaifiyarka tana jira. Shi Shehu kunnensa lafiya lau, kuma ya fi ni." Ya nuna kwalbar da na'urorin suke ciki a kan taga. "Tsufa ne. Na ajiye su inda bai kamata ba, zafi ya cinye su. In an tambaye ka a makaranta haka za ka ce."

Ustaz yana soro yana ɗaure takalmi, zai tafi aji. Kubura ta ga hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ta jira. Ya ƙarasa ɗaurin, ya ɗauki taswirarsa, ya yi sallama a hankali ya fita.

Da azahar ta yi, Kubura ta kawo wa mahaifinta ruwa. Ya zauna a kan ɗan dutsensa ya naɗe hannun riga. Ya kai yatsu bayan kunne don ya cire abin da ya saba cirewa kafin alwala, ya tarar babu komai. Ya sauke hannun, ya jawo butar.