Ƙaramin Yatsan Maliki

"Kai da kanka za ka sa shi," in ji Maliki. "Tsakiya. Tura shi ciki sosai, kak ka ji tausayinai."

Baƙon, wani dillalin shanu daga wajen Araba mai suna Sufyanu, ya tura katin cikin kartar har ya ɓace. Jan bakwai ne, kuma ya riga ya dangwala masa babban yatsa da jan goro don kada a musanya masa. Maliki ya daidaita kartar a tafin hannu, ya hura mata iska kamar mai huce shayi, ya juya katin da ke sama. Jan bakwai, ga tambarin goro bai ko bushe ba.

"A'uzu billahi!" Sufyanu ya zabura, ya yi fatali da butar shayina, ya fice daga zauren da takalmi ƙafa ɗaya.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, zauren cike yake da baƙi. Muka yi dariya har ni Jabiru na kwanta a tabarma ina riƙe ciki. Maliki ya sa sandarsa ya ɗauko takalmin ya rataye a ƙusa, ya ce mai shi ya dawo ya karɓa. Da na san abin da gudun nan zai jawo, wallahi da na bi mutumin har kara, kasuwar shanu, na dawo da shi.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Maliki. Direban babbar mota ne a da, shi ke kai mini albasa Konni, wani lokaci ya zarce har Tawa, can cikin Nijar. Wata damina motar ta kife da shi, ƙugunsa ya tashi aiki, tuƙi ya ƙare. Ya dawo zaure ya zauna kamar buhun da aka manta, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. 'Yarsa Latifa da ke aure a Sakkwato ita ta sayo masa waya mai hoto don ya rage kewa, ta ɗauka wa'azi zai riƙa saurare. Ya saurari wa'azin kam. Amma a nan ne kuma ya ci karo da wani tsohon Bafaranshe mai koyar da dabon karta, darasi bayan darasi, dogaye, ba a nuna komai sai hannuwansa a kan koren ƙyalle. Maliki ya tsinci Faransanci a kan hanya, yana jin abin da tsohon ke faɗi. Tun daga ranar ya koma kiransa "malamina".

Kai, na ga naci! Ya jingina madubin motar da ta karya shi a jikin bango, abin da ya rage masa ke nan daga gare ta, ya zauna gabansa tun hantsi yana motsa yatsu yana kallon kansa. Ya tsayar da hoton, ya mayar baya, ya sake. Karta ta watse ƙasa, ya tsince, ta sake watsewa. Matarsa Altine takan sharo kati har daga ƙarƙashin randa tana mita.

"Direba," nakan ce masa, "tsohai-tsohai da kai, sa'anninka na lazimi kai kana wasan yara?"

"Ka gama da albasarka ka zo, Jabiru. Ka dai wanke hannu, kak ka sa wa kartata wari."

Shekaru ya yi a haka kafin ya yarda ya nuna wa kowa. Da ya fara nunawa kuwa, zauren ya koma majalisa. Bai taɓa caca ba, bai taɓa karɓar ko sisin wani ba. Kati ya canza a gabanka kana kallo, ka ce ya sake, ya sake, kai dai ka saki baki. Mutumin da muka ɗauka ya gama yawo sai ga shi yana aske gemu yana sa turare. Ni da nake maƙwabcinsa har wani fankama nake a kasuwa, in ce duk Illela babu mai hannun Maliki. Doka ɗaya ya riƙe daga malamin nasa: ba a faɗin yadda ake yi. Na roƙe shi, na yi fushi, na kawo masa tsire, ya cinye tsiren ya ce Allah amfana.

To, Sufyanu bai dawo karɓar takalmi ba. Ya tsaya a kara ya ba da labari, labari ya shiga gari ya yi ƙiba. Aka ce aljani ne a cikin kartar, daga Nijar ya sayo shi. Aka ce haɗarin motar ma ba haɗari ba ne, ƙugun ya bayar aka ba shi asiri. Mata suka hana yara wucewa ta ƙofar gidan. Masu zuwa majalisa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi kowa tafi su suka fara. Maliki ya ce a bar su, za su gaji.

Ba su kai ga gajiya ba ciwon ƙoda ya kama shi. Latifa ta kai shi asibiti a Sakkwato, aka riƙe shi, daga baya aka ce su dawo gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan.

Wata rana bayan La'asar ina neman takalmina a ƙofar masallaci, na ji wani yana cewa a bayana, "Wanga Maliki in ya cika, wa za ya sallace shi? Ni dai ba ni bin sahun matsahi." Wani ya amsa da cewa ai Liman ma sai ya yi tunani. Raina ya ɓaci, na juya na wanke su tas, har aka rirriƙe ni. Amma da na kama hanyar gida sai na lura babu wanda ya goya mini baya.

Na shiga na same shi kwance a zaure, ya ce ɗaki ya yi masa zafi. Ban ɓoye masa komai ba.

"Maliki, ka hwaɗa musu yadda kaka yi. Don Allah. Mi za ya rage ka?"

"Shekara nawa ina duƙawa da wanga ƙugu ina tsintar karta? Shi kaɗai na abin da nig gina tun da mota tak kashe ni. Sai in rushe shi don bakin mutane? Allah ya san hannuna."

"Allah ya sani, amma ba mala'iku za su ɗauki makara ba, mutanen Illela na!"

Ya juya fuska bango. Sai muryar Altine ta fito daga bayan ƙyauren cikin gida, ashe tana tsaye tana ji. "Baban Latifa, ni ban taɓa roƙon ka komi ba kan kartar ga. Amma ba ni son a aje ka ƙohwar gida a rasa sahu. Latifa na da ɗiya, da sunanka za a kira su." Daga nan na ji tafiyarta ta koma ciki.

Washegari da hantsi Liman Attahiru ya yi sallama, tare da dattawan unguwa. Ni kuma tun da safe na je kara na kamo Sufyanu, na ce ko ya biyo ni ko in tara masa jama'a. Ya zauna daf da ƙofa, ƙafarsa ɗaya a waje.

Liman ya yi wa mara lafiya addu'a, ya shafa, sannan ya gyara zama. Mutum ne da ba ya kewaye-kewaye.

"Maliki, tare munka yi karatun allo, ban taɓa sanin ka da shirka ba. Amma mutane sun tambaye ni, na rasa abin ce musu, don ni ma na gani da idona ban gane ba. Ko mi anka yi, ni zan sallace ka in ka riga ni. Sai dai ba ni son in tsaya kanka da shakka cikin zuciya, kuma ba ni son in waiga in ga mutum uku bayana."

Maliki ya daɗe yana kallon rufi. Ni dai na san taurin kansa.

"Jabiru, tashe ni," ya ce. "Altine, miƙo kartar."

Na jingina shi da bango, na cusa masa matashi. Hannun nan da safe ko kofin kunu bai iya riƙewa ba sai da na tallafa masa. Da kartar ta sauka a tafinsa, sai ya riƙe ta gam.

Ya nemo jan bakwai mai tambarin goro, ya ba Liman ya tura shi tsakiya. Sai ya juya hannunsa ta gefen da bai taɓa bari a gani ba.

"Ku duba nan. Ƙaramin yatsan hagu. Kun ga ya shige bisa katin? Shi ka riƙe mini wurin." Ya ɗora hannun dama a sama kamar zai daidaita kartar, a hankali, a hankali, muka ga rabin da ke sama ya zame ta gefe ya koma ƙasa, rabin ƙasa ya hau. Ya juya katin sama. "Ga aljaninku nan. Hura iskar kuwa don ku kalli bakina na, ku bar hannuna."

Wani dattijo ya ce, "Shi ke nan?"

"Wanga ɗan abu na yas sa ni gudu ba takalmi?" in ji Sufyanu, ya shigo da ɗaya ƙafar ciki.

Aka yi 'yar dariya, irin ta wanda ya sayi abu da tsada ya buɗe ya ga ba komai. Wallahi sai na ji kamar ni aka tuɓe a kasuwa. Na kalli Maliki, ya sunkuyar da kai yana shafa gefen kartar da babban yatsa. Na ce a raina mun ceci jana'izarsa mun kashe shi tun da ransa, kuma ni na jawo.

Sai ya ɗago. Idon nan da ya faɗa ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

"To, yanzu kun sani. Ku matso. Liman, matso sosai. Kak ku kalli bakina, ba ni hura komi. Ku sa ido ga yatsan."

Muka yi masa rumfa, kawuna na gugar juna. Liman ya gyara tabarau, ya tura katin tsakiya da hannunsa. Maliki ya ɗora hannun dama, ya ɗauke. Iyakar abin da ya faru ke nan, na rantse. Ya juya katin sama, jan bakwai.

"Kai!" in ji Sufyanu. "Ba ka yi ba tukuna!"

"Na yi."

"Sake!"

Ya sake. Sufyanu ya kwanta rub da ciki yana leƙen ƙasan hannun, dattawa suna ture juna kamar yara a wurin rabon alewa. Ya kuma sakewa. Mun san yatsan, mun san inda rabin zai bi, idonmu na kai, amma babu wanda ya ga ko motsi. Sufyanu ya karɓi kartar ya ce shi ma zai gwada tunda ya ga hanya, ta tarwatse har cikin kwanon kunu.

Liman ya cire tabarau yana dariya yana share ido da gefen rawani. "Na gani, Maliki. Babu kowa cikin wagga karta sai kai da wahalarka. Ni zan hwaɗa musu da bakina."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Maƙwabcina na!" na ce da ƙarfi, kamar wani ya yi musu. "Katanga guda!" Daga bayan ƙyaure na ji Altine tana dariya da kuka a haɗe.

Maliki ya nuna ƙusa da sandarsa. "Sufyanu, ɗauki takalminka. Ka tahi kara ka ba da wanga labari kamar yadda kab ba da wancan."

Ya bayar kuwa, har da ƙari, don bakinsa ba ya riƙe komai.

Maliki bai sake taɓa karta ba. Ya ce wa Latifa ta ajiye ta tare da madubin, kada a jefar. Bai kai wata Lahadin ba. Da safe ne, bayan ya kurɓi kunu, ya ce in gyara masa matashi, ina gyarawa na ji ya yi nauyi a hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Liman ya ce shi zai yi wankan da kansa, ni in zuba ruwa. Aka kewaye mana wuri da zana a tsakar gida. Muna ciki ina jin titi yana cika, ana jan bencina, babura na tsayawa, ana cewa a matsa a ba mutanen Amarawa wuri, tabarmi sun ƙare a aiko da wasu daga masallaci. Muryar Sufyanu ta fi ta kowa, yana rantsuwa shi zai kama gaban makara.

Liman ya gama da gefen dama, ya ɗago hannun hagu. Sai ya tsaya. A gefen ƙaramin yatsan akwai kanta, tauri kamar ƙwayar masara, daidai inda kati ke zama. Ya sa babban yatsansa a kai ya shafa, ya sake shafawa. Ni ma na tsaya da buta a hannu ina jira.

Can ya gyaɗa mini kai, na zuba ruwan a hankali.