Giwa Ba Ta Magana

Ni ne ƙafafun baya na giwa. In aka tambaye ni sana'ata haka nake cewa, mutane su yi dariya su zaci barkwanci nake, alhali gadon bayana ya san ba wasa ba ne. Duk shekara in aka ba yara dogon hutu, zafi ya buɗe sosai, hukumar birni takan kakkafa rumfuna a babban lambun shaƙatawa. Makaɗa su hau dandamali, masu zana wa yara fuska su shimfiɗa fentinsu, masu wasan 'yartsana su ɗaura labule, ga lilo, ga balan-balan, ga lasifikar da ba ta san gajiya ba. A tsakiyar wannan hayaniya akwai wata giwa ta soso da yadi mai ruwan toka tana yawo tana kaɗa kunne. Yayana ne a gaba, ni a baya a duƙe, hannu ɗaya riƙe da bel ɗinsa, ɗayan yana jan igiyar wutsiyar giwar. Tun kanmu yana baƙi muke wannan aiki, yanzu ni furfura shi sanƙo.

Na baya ba ya ganin komai sai ƙasa. Ni ta takalma na san mutanen birnin nan, kuma nakan gane yaron da zai ja mini wutsiya tun daga yadda yake taka ƙafa. Yaya ne mai ido, yana leƙe ta wata raga da aka ɗinka a ƙarƙashin hancin giwar, hannunsa na dama kuma a cikin hancin. In zai juya ya karkata ƙugu, in zai tsaya ya buga dunduniya, ni in ji a bel. Ba ma magana a ciki. Doka ce tun daga wanda ya koya mana aikin: giwa ba ta magana, kuma ba a cire kai a gaban yaro ko da mutum zai suma. Mai Usur, jami'in da ke kula da shirin bana, ya tara mu ranar farko ya karanta mana dokar nan kamar shi ya haife ta, alhali ina kyautata zaton yana cikin waɗanda suka ja mini wutsiya a zamaninsu.

Yaya 'ya ɗaya gare shi, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, a gida Nas muke ce mata. Rabonta da mu tun rasuwar mahaifiyarta, lokacin 'yarta tana goye. Bana ta sami ɗan hutu ta ce za ta kawo yarinyar ta ga kakanta. Tsakar gida ɗaya muke da Yaya, saboda haka na ga irin rawar ƙafar da ya yi. Mutumin da ba ya share ƙofar ɗakinsa sai matata ta yi mita, shi ne ya shafa wa bango fenti, ya sayo 'yar kujerar roba da kofi mai hoton kifi. Ba ya faɗa, amma kowa ya san abin da yake so bai wuce yarinyar nan ta zauna a cinyarsa ta ce masa Kaka ba.

Suka iso da yamma. Yarinyar ba za ta wuce shekara biyar ba, kitso biyu a kanta da silifas ruwan ɗorawa, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da gefen zanin uwarta tana kallonmu. Yaya ya miƙe. Ya buɗa ƙafafu, ya ɗan rusuna, ya fara karkaɗa kai a hankali hagu da dama. Ya ɗaga hannun dama tun daga kafaɗa yana lilo da shi, ya nufo ta da taku mai nauyi, bakinsa a rufe ruf, har ya ɗora mata yatsu a tsakiyar kai.

A lambu babu yaron da wannan bai taɓa sa dariya ba. Ni kaina da nake zaune cewa na yi a raina madalla, har ƙafata ta fara bin takun. Sai da yarinyar ta tsandara ihu sannan na ga abin da ita ta gani: wani tsoho mai sanƙo, idanu jajur saboda gumi, wuya duk ƙurajen zafi, yana tahowa kanta shiru yana wurga hannu.

Nas ta ɗauke ta tana jijjigawa. "Baba, ai magana za ka yi mata," in ji ta.

Yaya ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce "to, to" ba. Yaran da ya gani a aikin nan sun fi gashin da ya zube masa yawa, amma bai taɓa tarar ko ɗaya da fuskarsa ba. Washegari ya ce bari ya gyara, sai ya laɓe a bayan ƙyaure yana leƙo kai yana mayarwa, wata dabarar giwa da ke sa yara birgima don dariya. Yarinyar ta ƙi fita ko banɗaki sai an raka ta. Matata ta dube mu ta ce mun daɗe a cikin buhu, mun manta yadda mutane ke gaisawa.

Haka hutun Nas ya yi ta zurarewa. Mu fita da safe mu shiga soso, mu dawo da yamma kamar an matse tsumma, mu tarar da yarinyar tana wasa da matata. Da ta ji tarin Yaya a zaure sai ta tattara kayan wasanta ta shige ɗaki. Kujerar roba tana nan inda ya ajiye ta, kyanwa ce ke kwana a kai. Ya daina gwadawa, yakan zauna nesa ya juya baya don ta sami sakewa ta ci abinci. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, don tausayin babban mutum nauyi gare shi.

Ranar da za su koma, Nas ta ce za su biyo ta lambu kafin su wuce tasha. Ta tambayi Yaya ko ta gaya wa yarinyar wanda ke cikin giwa, ya ce a'a, ta bari. A cikin tantin da muke sa kaya na ce masa ya ja yarinyar bayan rumfar masu fenti, inda ba kowa, ya cire kan nan ta gan shi, Mai Usur ya yi ta busa usur ɗinsa in ya ga dama. Yaya ya ɗaure tawul a goshi, ya ɗaga kan giwa ya kifa.

Ranar an yi rana ta gaske. Soson ya sha gumin jiya bai gama bushewa ba, warinsa kuwa sai wanda ya shiga. Makaɗan dandamali suna ta maimaita waƙar da suke yi tun farkon hutu, wadda ko a barci nake jin gangarta a haƙorana. Muka zaga wurin lilo, muka tsaya aka ɗauki hoto, muka durƙusa wa wata tsohuwa a keken guragu, wanda durƙuson nan gwiwata ce ke biyansa ba ta Yaya ba. Wani ƙaton yaro mai takalmin ƙwallo ya haye bayan giwa, wato bayana, ubansa yana ta yi masa kirari. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don giwa ba ta zagi.

Ina cikin lissafin yadda zan kai ƙarshen wannan hutu da ƙuguna, sai na ji bel ya ɗaure a hannuna tun kafin dunduniya ta bugu. Na duba ta ƙasan yadi, na ga silifas ruwan ɗorawa.

Ba wanda ya turo ta, da ƙafarta ta taho. Yaya ya buɗa ƙafafu, ya rusuna, ya karkaɗa kai, ya ɗaga hanci ya ɗora mata a tsakiyar kai. Abin da ya yi a tsakar gida ne, ko ɗigo bai canza ba. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi a gidanmu ba, ni ma na kaɗa mata wutsiya iya ƙarfina. Silifas ɗin suka matso har suka taka yatsun giwa, sannan na ga hannuwanta sun zagaye ƙafar gaba. Ta rungume ƙafar kakanta ta kwantar da kunci a gwiwarsa.

Wanda ya shekara da shekaru riƙe da bel ɗin mutum ya san numfashinsa. Na san na gajiya, na san na fushi, na san wanda yake yi in fitsari ya matse shi. Wannan ban san shi ba. Cikinsa yana shiga yana fita da sauri, bayansa yana rawa a goshina.

Yarinyar ta yi ɗage ta kai baki kusa da raga. "Giwa, zo mu tafi gidanmu," ta ce. "Ba gidan tsohon nan ba, gidanmu na can. Akwai wuri a ɗakina."

Na ji hannunsa na hagu ya tashi ya nufi maɗaurin da ke riƙe kan a haɓarsa. A nan na karya dokar da ban taɓa karyawa ba, na ce a hankali, "Cire, Yaya." Hannun ya daɗe a sama. Ina jin yatsunsa suna taɓa ƙarfen maɗaurin. Daga nan ya sauko da shi ya dafa bayan yarinyar ta cikin yadi.

Mai Usur ya busa don a haɗu a yi zagayen yamma, giwa ta yi kunnen uwar shegu. Nas ta ce lokacin tafiya tasha ya yi. Yarinyar ta kama hanci ta ja, muka bi ta, muka wuce masu askirim, muka wuce inda aka ce kada giwa ta wuce, har bakin babbar ƙofa inda kwalta ke ƙona tafin ƙafa. Na ji an buɗe ƙofar mota an rufe. Yaya ya ɗaga hanci yana kaɗawa, ya ci gaba da kaɗawa bayan ƙarar injin ta ɓace, har sai da na ja bel na tuna masa akwai mutum a baya.

A tanti na zuge zif na faɗi a kan benci, na ɗauki lokaci kafin bayana ya yarda ya miƙe. Shi ya cire kan ya ajiye a kan akwati ya zauna, fuskarsa sharkaf. Raina a ɓace yake, na ce masa ya yi wauta, dama ta zo har gwiwarsa ya bar ta ta hau mota, kuma Allah kaɗai ya san yaushe za a sake kawo ta, ko muna nan ko ba ma nan.

"Da na cire, da ta tafi ba giwa ba kaka," ya ce. "Yanzu ko ba komai ta tafi da giwa."

Na miƙa masa gorar ruwa. Mai Usur ya leƙo da faɗa a bakinsa, ya dubi fuskar Yaya, ya ce mu huta zagayen ya wuce, ya saki labulen.

Muna nan zaune wayar Yaya ta yi ƙara. Nas ce daga cikin motar haya, ta ce yarinyar ta hana kowa sakat, wai sai ta yi sallama da giwa, ita kuma ta ce mata giwa tana da waya. Kafin ya ce wani abu muryar ta cika tantin.

"Giwa? Giwa, kina ji na?"

Yaya ya riƙe wayar a kunne, bakinsa a rufe. Na ga kansa ya fara karkaɗawa hagu da dama, hannun dama yana tashi daga kafaɗa. Na kama hannun na mayar masa kan cinya. Ya dube ni, ya yi gyaran murya.

"Kakanki ne," ya ce. "Giwa ta gaji, ta kwanta. Ni ne mai ba ta ruwa."

Ƙugin mota ya cika wayar. Na ɗauka ta jefar da wayar.

"Kai ne kake kula da ita?"

"Ni ne."

"To ka rarrashe ta. Da na riƙe ta na ji tana kuka a ciki."

Yaya ya goge fuska da tawul. "To," ya ce. "Zan gaya mata ke kika ce."

"Me take ci?"

Ya gyara zama ya fara ba ta amsa, muryar a dishe, kalma tana tuntuɓe da kalma. Na tattara ƙafafun giwa na fita da su bayan tanti in shanya, don gobe ma da aiki.