Inda Kaset Ya Yi Shiru

A shekarar tamanin da huɗu, shekarar fari, gero ya ƙone a gona tun bai kai gwiwa ba, amma mu ba mu fasa zamanmu na ranar kasuwa ba. Ni Kalilu, gyaran rediyo nake yi a Sabon Birni, kuma a rumfata masoya kiɗan mazan jiya suke haɗuwa. Kowa ya zo da kaset ɗinsa a aljihu, a saka, a ji, a yi ta musu. Yero, wani Bafillace da shanunsa suka ƙare a farin nan, sai ya rantse ba a taɓa yin kiɗa kamar na kotso ba. Wani ya ce masa bai san taushi ba ne. Batir in ya mutu mu shanya shi a rana, rana kuwa ita kaɗai muke da ita a wadace.

Kaset ɗin da ya fi na kowa yana hannun Baba Bawa, tsohon manomi daga Unguwar Lalle. Waƙar noma ce ta marigayi Na'Allah, makaɗin garin Kurawa, wadda wani malamin makaranta ya ɗauka a bakin gona ranar wata babbar gayya. Ana jin gangar, ana jin ihun samari, har da kukan jaki. A tsakiyarta akwai baitin da Na'Allah ya kama sunan Bawa:

"Bawa na Mairama, gama kuyyakka,
Ka kama ta Wakili,
Ciki ya murɗa, ya yi wajen rafi!"

Haka kuwa aka yi ranar. Wakili ya ga rana ta yi zafi, ya dafe ciki ya zame, Bawa ya nome kuyyarsa ya nome ta Wakili. A duk faɗin duniya nan ne kaɗai aka ajiye sunan Bawa, kuma ya san da haka. Na roƙe shi ya fi a ƙirga ya bar ni in kwafa, ya ƙi. Wai kwafi yana rage wa ganga nauyi. Tsohon nan taurin kai gare shi kamar jakin da ke cikin kaset ɗin.

To, Wakilin nan shi ne yanzu Alhaji Wakili na garin Isa, mai motar hatsi. A shekarar da rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, shi yake kawo gero daga kudu. In faɗi gaskiya, shi ma yana son kiɗa, kuma kunne gare shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne 'yan dakonsa, waɗanda in ya juya baya sai wani ya dafe ciki, sauran su kwashe da dariya.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya shigo rumfata da babbar riga, ya yi sallama, ya zauna kusa da Bawa.

"Bawa, buhu biyu na hatsi za ni ba ka," in ji shi. "Ba kaset ɗin nika so ba, riƙe abinka. Baitin ga ɗai za a share."

"Sunana yana ciki, Wakili."

"Nau ma yana ciki. Shi ad dalili."

Bawa ya sa hannu a aljihu. Duk mun san gidansa. Baki goma sha ɗaya yake ciyarwa, sun cinye har irin shuka, matarsa Mairama ta koma dafa ganye ba ko gari. Na so in ce wa Alhaji ya ji tsoron Allah, in taimako zai yi ya yi kawai. Ban faɗa ba, kuma har yau abin yana cina.

Bawa ya ciro kaset ɗin, ya goge shi da bakin riga, ya miƙo mini.

"Share, Kalilu."

"Baba, ka bari in kwahe shi tukuna, ko da..."

"Ba kwahi," in ji Alhaji. "Nan gabana za a yi."

Tun tuni Bawa ya karya kunnen kaset ɗin don kada wani ya yi kuskuren ɗauka a kai. Sai da na cusa takarda a ramin. Na kai shi daidai inda ganga take sassautawa kafin baitin, na danna jan maɓallin da wannan yatsa nawa. Zaren ya yi ta juyawa. Ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai ranar. Alhaji ya sa aka mayar baya ya saurara, ya ji ganga ta yanke, shiru ya biyo, can ta dawo. Ya gyaɗa kai, ya sa aka ɗora wa Bawa buhunansa a jaki.

Kasuwa biyu Bawa bai zo ba. Muka ce shi ke nan, tsoho ya karaya. Yero ma ya daina musu, ka sa masa kowane kiɗa sai ya ce ya yi daɗi, abin da ya sa zaman ya zama lami.

A ta uku sai ga shi da azahar, ya ɗan yi kumari, ya sa hular da yake zuwa Idi da ita. Motar Alhaji tana tsaye tsallaken hanya ana sauke buhuna, mutane sun yi layi da kwanuka.

"Sa muna Na'Allah," ya ce. "Ka ƙure murya."

"Baba, ka san abin da ac ciki."

"Na sani. Sa."

Na saka. Ganga ta cika kasuwa, masu layi suka waiwayo. Aka zo wurin, kiɗa ya ɗauke ɗif. Sai Bawa ya miƙe, ya dafa ginshiƙin rumfa, ya buɗe baki. Muryarsa ba ta waƙa ba ce, wallahi kamar ana jan tsohon kyaure, amma bai kuskure ko kalma ɗaya ba. Da ya kai "ciki ya murɗa", Yero ya ɗauki amshi yana dukan teburina. Na karɓa. 'Yan dakon Alhaji, da buhu a ka, suka karɓa. Wata tsohuwa a layi ta yi guɗa. Waɗanda ba su taɓa jin baitin ba suka shiga tambaya wane ne Wakilin, ana nuna musu da baki.

Alhaji ya tsallako yana tattare riga, fuska a murtuke.

"Bawa! Haka munka yi da kai?"

"Na kaset kas saya, kuma an share ma," in ji Bawa. "Bakina ban kai shi kasuwa ba."

"To, ka maido min hatsina!"

"Ya shiga cikin ɗiyana, Wakili. Kuma ko guda bai murɗa ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya gaba ɗaya. Alhaji ya juya ya koma wajen motarsa.

Sai a nan muka lura muryar Na'Allah ta dawo, tana yabon wani manomi daban. Bawa ya tsaya yana sauraro. Na ga idonsa ya kawo ruwa, don ya san wannan muryar ba za ta ƙara kiran sunansa ba har abada. Na kai hannu zan kashe, don tausayi. Ya buge mini hannu.

"Wa yac ce ka kashe? Maida shi baya, Kalilu. Ban gaji ba."