Wasiƙun Munzali

A Maryland akwai irin gidan da za ka saya, bango da rufi naka, ƙasar da ke ƙarƙashi ta wani, kana biyansa haya duk wata shida. Ni dai ban taɓa jin wannan shirme ba sai a Amurka. Irinsa Munzali ya saya a Landover, abin kuma ya tsaya masa a rai. Kullum cewa yake mutum ba ya kwana da daɗi a ƙasar aro. A 2005 ya ɗauki lauya domin ya sayi ƙasar gaba ɗaya, ya tsayar da biyan haya don yana ganin magana ta kusa ƙarewa. Saura sa hannu, zuciyarsa ta buga a wurin aiki.

Matarsa Tayyiba ta shiga takaba da 'yarta ƙarama, Afnan. Ni ce babba a matan unguwarmu, don haka na tare a gidan, na zama uwa na zama mai gadi. Wasiƙu suka fara zuwa da sunan mamacin. Tayyiba ta ɗauki ɗaya za ta yage ambulan, na riƙe mata hannu.

"Kul! Kayan mamaci ne. Ba a taɓawa sai an raba gado. Ki jira yayansa ya zo daga Zariya."

"Anti Rumasa'u, ko dubawa kawai?"

"Daga dubawa ake fara cewa mace ta ɓoye dukiyar marayu. Na ga an yi."

Na ga an yi ɗin kuwa, a gidanmu ma. Na samo jakar Makka na riƙa zuba wasiƙun ciki. Har wadda wani mutum ya kawo hannu da hannu, ni na karɓa na sa hannu na jefa ciki, ina jin kaina mai tsare amana. Shekara ashirin ina aikin jinya a ƙasar nan, Turanci ba ya gagarata, amma ban karanta ko bayan ambulan ba.

Takaba ta ƙare, yaya bai zo ba. An hana shi biza sau biyu. Duk da haka na ce a ƙara haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Sai da aka yi wata goma sha ɗaya, ranar da aka liƙa takarda a ƙofa, sannan muka ɗauki jakar muka tafi wurin lauyar Munzali, wata 'yar Jos mai suna Constance.

Ta zazzage wasiƙun a tebur ta jera su bisa kwanan wata. Shida daga ciki nata ne. Ta ce ta yi ta kiran wayar Munzali har aka yanke layin, ba ta ma san ya rasu ba. Mai ƙasar ya gaji da jira ya sayar wa wani kamfani, kamfanin ya kai ƙara kan hayar da ba a biya ba, ba wanda ya je kotu, alƙali ya ba su gidan.

"Ko bayan hukunci akwai lokacin fansa," in ji ta. "Amma wa'adin ya wuce da sati uku. Madam, wa ya ce kada ki buɗe?"

Na buɗe baki, Tayyiba ta riga ni.

"Ba kowa, Barista. Ni ce ban buɗe ba."

Constance ta yi iya ƙoƙarinta, ba a dace ba. Muka kwashe kaya cikin ruwan sama, Afnan tana tambayar uwarta da Turanci ko sabbin mutanen za su bar mata lilonta na bayan gida. Yanzu suna ɗaki ɗaya a Germantown, Tayyiba tana aikin kula da tsofaffi.

Da ta zage ni da na sami sauƙi, wallahi. Shekara goma ke nan, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma duk inda muka haɗu sai ta rusuna ta gaishe ni, ta karɓi jakata ta riƙe mini.