Ɗinkin Katunan Fanta

Da Malam Gana ya san abin da zai biyo baya, da ko da wasa bai taɓa katunan nan ba.

Tela ne a Fagge. Wata huɗu ke nan 'yarsa Fanta tana zuwa Sabon Gari koyon kwamfuta wajen wani Mista Ambrose, abin da bai taɓa kwanta masa a rai ba. Makarantar ɗaki ɗaya ce a saman bene, kuma ko kwamfutar babu. Sai dai a huda katuna, a aika Legas inda injin yake, a jira amsa. Wanda katunansa suka ci jarrabawar ƙarshe, wani kamfani zai ɗauke shi aiki.

Ranar aika katunan jarrabawar, Fanta ta bar nata guda tamanin a kan tabarma, ɗaure da roba, ta shiga wanka. Sati uku ta yi tana hudarsu, kullum tana gargaɗin kada jerin ya rikice. Malam Gana ya dubi robar, duk ta tsufa. Ya kwashe su zuwa shago, ya bi gefensu da keken ɗinki biyar-biyar, ya haɗe su tsaf kamar littafi.

Fanta na gani ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Baba, ka kashe ni!"

Tare suka hau benen makarantar. Mista Ambrose ya ɗaga ɗinkin a hasken taga.

"Baba tela, hudar nan ita ce rubutun. Ita kaɗai inji yake karantawa. Ga shi ka ƙara masa taka."

"A gefe fa na bi! Ko wuyan riga ba na yi wa wannan hankalin."

"Inji bai san wuyan riga ba."

"To wane irin ilmi ne allura take ɓata shi? Ku da ko injin ba ku taɓa gani ba!"

"Baba, don Allah," in ji Fanta.

Motar Legas da la'asar za ta tashi, babu lokacin sake huda. Malam Gana ya zauna a bencin ɗalibai da reza, yana tsinke zaren yana tsaki, Fanta na karɓa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko kallonsa.

Haka katunan suka tafi da sawun allura a gefe. Ko injin zai karanta su ko zai tofar, Mista Ambrose kansa ya ce bai sani ba.