Kwana Goma Sha Tara Ba Lasisi

Saƙon ya shigo wayar Marlys Tackett da tsakar rana, tana tsaye a ɗakin hutun ma'aikata tana ɗumama miyar wake. Daga kamfanin da ke tura ta aiki ne. Sun duba, lasisinta na jinya ya daina aiki a ko'ina sai a jihar Missouri, yau kwana goma sha tara ke nan.

Ita kuwa a jihar Montana take aiki. Nan take miyar ta fita daga ranta.

Shekara shida tana aikin nas mai yawo, mako goma sha uku a wannan asibiti, goma sha uku a wancan, duk da lasisi ɗaya, irin wanda jihohin da suka ƙulla yarjejeniya ke karɓa a tsakaninsu. Sharaɗin kuwa ko sabuwar nas ta san shi: gidanka na dindindin ya kasance a ɗaya daga cikin jihohin nan. To a lokacin kaka sai mahaifiyarta ta faɗi ta karye a ƙugu can Oregon. Marlys ta saki ɗakin hayarta na Missouri, ta kwashe kayanta ta koma wurin tsohuwa, ta canza lasisin tuƙi. Da lokacin sabunta takardu ya zo, ta rubuta sabon adireshin da hannunta, ita mai gaskiya. Oregon kuma ba ta cikin yarjejeniyar. Ta san haka sarai, hankalinta ne ya tafi kan ƙugun uwa, bai taɓa haɗa abin biyu ba.

Kwana goma sha tara tana allura, tana ba da magani, alhali a idon doka ita ba nas ba ce a nan. Kuma laifin da hukumar jinya ta wata jiha ta rubuta maka, duk sauran suna gani. Tsoro ya kama ta sosai, don ba ta iya wata sana'a ba a duniya.

Ta sami Noreen Vasko a tebur. Noreen ce shugabar nas-nas a wannan asibiti mai gado goma sha biyu, ta kai shekara talatin a ciki, kuma yau su biyu ne kawai a bakin aiki, don dusar ƙanƙara ta toshe hanya tun safe.

"Ke 'yar yawo, wa ya mutu kika yi fari fat haka?"

"Sista, karanta."

Noreen ta ɗora tabarau, ta karanta sau biyu, ta sauke numfashi. "Kin kashe ni, yarinyar nan. Marasa lafiya bakwai, ni kaɗai da tsofaffin yatsuna." Ta miƙo hannu. "Ciro katin shaidar aikin nan na wuyanki. Ki saurare ni da kyau. Abin da ya wuce rashin sani ne, zan tsaya miki a gaban kowa, wataƙila su ja miki kunne kawai. Amma duk abin da kika taɓa bayan kin karanta saƙon nan, da gangan ne. Ba mai wanke ki, ko ni. Ko ma'aunin zafi kada ki ɗauka."

Ba ta rufe baki ba ƙararrawar ɗaki na huɗu ta ɗauka, aka kuma jiyo ihun mace.

Baba Orval Brandvold ne, tsohon makiyayi mai gyambon ciki. Ya yi aman jini har ya jiƙa zanen gado, kuma garin kakari allurar ƙarin ruwan da ke hannunsa ta fice. Matarsa Ardith tana riƙe da kansa. Noreen ta kira likita, ta saki muryar wayar don kowa ya ji. Yana bayan motar share ƙanƙara, sai nan da minti arba'in.

"Ku samo jijiya yanzu, ku sakar masa ruwa da gudu," in ji shi. "Yanzu fa!"

Jijiyoyin Baba Orval ko da lafiyarsa ɓuya suke yi. Duk makon nan Marlys ce kawai ke samun su, har yana tsokanarta wai da ita ce ke yi wa shanunsa allura da sun yi mata godiya. Yanzu jini ya zube, sun shafe gaba ɗaya. Noreen ta soka a gwiwar hannu, ba komai. Ta koma bayan hannu, jijiyar ta fashe, wurin ya kumbura. Marlys na tsaye a bakin ƙofa, ta haɗe hannuwanta a baya, ta damƙe ɗaya da ɗaya.

"Sista, gwada gefen babban yatsa, ki ɗan kwantar da allurar."

"Ba na jin komai a wurin!"

Na'urar da ke saman gado ta soma kuka. Leɓen tsohon ya koma toka-toka, idanunsa na juyewa. Ardith ta waiwayo.

"'Yata, ba ke ce mai samun jijiyarsa ba? Me kike tsaye kina kallo? Don Allah me ya yi miki?"

Noreen ta soka ta uku, ta zare allurar ba ko ɗigon jini. Marlys ta ji ƙafafunta sun kai ta gaban kwalin safar hannu.

"Marlys," in ji Noreen, ba ta ɗago ba, "kin ji abin da na faɗa miki."

"Na ji. Matsa."

Ta durƙusa, ta saukar da hannun tsohon ƙasa da gado, ta lumshe ido tana lalube da ɗan yatsa. Can ta ji wani ɗan laushi da bai kai kaurin zare ba. Ta soka. Jini ya leƙo a gindin allurar.

Ruwa ya shiga, leda ɗaya, ta biyu. Kafin likita ya iso da ƙanƙara a kafaɗa, Baba Orval ya buɗe ido yana tambayar wa ya ba shanu ciyawa.

Da ƙura ta lafa, Noreen ta zauna gaban kwamfuta don cike fayil ɗinsa. Ta zo gurbin wanda ya sa allura, ta tsaya. Ta yi ƙasa da murya.

"Daga ni sai Ardith muka gani. Sunana zan sa."

"In 'yan hukuma suka zo bincike suka tambayi Ardith fa? Tsohuwar nan har limamin cocinsu sai ta ba labarin wanda ya ceci mijinta. Naki lasisin ya bi nawa ke nan."

"Shekara biyu ta rage in yi ritaya, me zan yi da shi?"

"Garin nan fa, wa zai riƙe musu asibiti?" Marlys ta dafa bayan kujera. "Sa nawa, Sista. Ki sa lokacin daidai."

Noreen ta dube ta. Sannan ta juya, ta share ido da bayan hannu, ta buga sunan Marlys.