Ragon Suna a Jirgin Jima

Ragon ya sake yunƙurawa, jirgin ya karkace, ruwa ya cika wa Bilal takalmi.

"Riƙe surukin nan naka mai ƙaho da kyau," in ji Jima masunci, yana dogara gora a laka. "In ya faɗa tabki ba ni bin shi."

Ruwan da aka kwana ana yi ya cinye hanyar mota. Matar Bilal, Raihana, tana gidan iyayenta inda ta haifi ɗansu na fari, yau kuma suna. Kawun da zai je ya faɗi sunan ya maƙale a garin Keita. Tun asuba surukinsa Malam Habibullahi ya aiko saƙo ta waya: in hantsi ya yi babu rago, zai yanka nasa, yaro kuma ya ci sunansa. Shi ko Bilal sunan marigayi mahaifinsa yake so.

Saura hanya ɗaya, ƙoramar da ke zubowa cikin tabki daga garin surukan. Jima bai taɓa shigarta ba. Bilal ya san ta, amma da rani, a kan babur.

"Yi dama," in ji Bilal. "Nan akwai rijiya."

"Rijiya mi za ta yi wa jirgi?"

"Ni dai nan nake kaucewa."

Suka kauce, suka afka cikin gonar dawa. Wani tsoho a kan rumbu ya ɗaga sanda. "Ku fita min gona, kuna take min shuka."

"Baba, bisa muke bi," in ji Jima.

"Bisan ma tawa ce."

Ragon ya miƙa wuya ya cafki ganye, tsohon ya rako su da zagi har kwana.

Ruwan ƙorama ba ya zama. Tun suna hango hasumiyar masallacin garin, gorar ta fara taɓa yashi, can sai jirgin ya zauna daram. Bilal ya ja rago don ya sauka, rago ya ga laka ya ƙi. Rana tana hawa. Dole suka roƙi wata mata mai jakai biyu, aka ɗaura igiya a hancin jirgi.

Haka suka shiga gari: jakai a gaba, Jima a tsaye da gorarsa don kada a ce ba shi ke tuƙi ba, rabin kasuwa a bayansu. Uban ɗan fari ba ya bari surukai su ga idonsa ranar suna, don haka Bilal ya kwanta a cikin jirgin ya ja taru ya rufa.

A ƙofar gida an riga an kayar da ragon Malam Habibullahi. Liman ya dakata da wuƙa a hannu.

"Ga na uban ɗa ya iso. Wane suna?"

Jima ya duƙa kan taru. "Wai wane suna?"

"Na mahaifina," Bilal ya raɗa.

"Mi ne sunan mahaifin naka?"

Bilal bai taɓa furta sunan nan ba tun da aka haife shi, balle yanzu da zai zama na ɗan fari, a gaban surukai.

"Malam, rana na yi," in ji surukin. "Nawa na kwance."

Tarun ya motsa. Bilal ya miƙe da shi a ka, ɓawon kifi a gemu.

"Faruƙu."

Mata suka ɗauki salati, surukarsa ta ja mayafi ta ruga cikin gida. Malam Habibullahi ya ce a saki nasa, a kayar da na jirgi.

Ana shafa fatiha Bilal ya taɓa ƙafar Jima. "Mu koma."

Jima ya dubi yashin da ya fara bushewa, ya dubi sama, babu ko gajimare.

"Sai an yi wani ruwan."

Bilal ya koma ya kwanta, ya ja tarun a hankali har kansa.